Rabin Fuska

A cikin takardar kilishi ya iso mana,
mutumin nan na ƙasar Holan.
Kalla ya cinye naman, ya lashe yatsu,
har ya ɗaga hannu zai yar, sai ya tsaya.
Shafin kalanda ne: wani tsoho a zaune,
hula ta zubo masa kan kunne ɗaya,
haske ya sauka a goshi da gefen hanci,
sauran duk dare.

Mushe Habu na lakwal ya karanta mana rubutun ƙasa.
Ya ce mai zane ne, kansa ya zana,
ya yi suna, ya yi dukiya,
ya binne mata, ya binne ɗa,
bashi ya cinye gidan.
Sunansa kuwa mai da yaji sun riga mu.
Kalla ya shafe takardar a cinya, ya ce,
"To, ashe ɗan'uwa ne."

Shekarata sha ɗaya lokacin.
Aikina wankin buroshi da kananzir
a rumfarmu ta Zango, bayan masu faci.
Mun yi allunan masu aski, kai shida-shida,
mun yi zaki a bayan manyan motocin Agadas,
da haƙori guda, ƙato, na mai cire haƙori.
Ja ja ne, shuɗi shuɗi ne, babu inuwa.
Jika biyu allo.

Tun daga kilishin nan hannunsa ya sake.
Sai ya ja ƙyaure da tsakar rana,
ya bar huda ɗaya a kwanon rufi,
ya zaunar da ni kan gwangwani.
"Kada ka motsa. Bar ƙudan, shi ma baƙo ne."
Gumi na bin bayana,
shi yana dama baƙi da ƙasa-ƙasa
kamar mai haɗa magani.

Laminu mai aski ya dawo da allonsa a ka.
"Kuɗin fuska cikakkiya na biya. Ina rabin?"
"Yana nan. Jira idonka ya saba."
Laminu bai jira ba,
ya karɓi jikarsa guda, ya tafi da allon yana mita.

Kowace shekara, in an sha ruwa an yi salla,
Kalla kan jingina madubin babur da ya tsage
ya zana kansa a murfin tano.
Bai taɓa mayar da haƙorin da ya faɗi ba.
Da yana ta hau idon hagu,
ita ma ya sa ta, fara sol,
ya ce ai ta biya kuɗin zama.

Sannan inji ya zo daga Kano
mai fitar da allo kafin shayi ya huce,
fuskoki sumul, ba wanda ya taɓa kwana da yunwa a cikinsu.
Kalla ya sayar da tsani,
ya sayar da rumfar.
Murafen tano goma sha bakwai
mai awon ƙarfe ya ɗora su a sikeli.
Ya rasu da bazara, famfo kwana goma sha tara ba ɗigo,
ruwan wankansa wurin ƴan garuwa muka saya.

Injin nan, ni ke danna shi yanzu.
Ina da ƴaƴa huɗu. Ba na neman uzuri.

Jiya a Birni, a gindin duwatsu,
na ga ƙofar wani garken awaki,
allon Laminu ne, an ɗaure da waya.
Ranar la'asar ta faɗo masa ta gefe.
Na tsaya.
Na jira, yadda aka ce a jira,
har kunne ya fito daga duhun,
har kumatu, har ɗan tabon da na samu a kan keke.
Yaron yana kallona, bai motsa ba,
shekara talatin bai motsa ba.

Matar gidan ta leƙo, hannunta duk dusa.
Ta ce, "Malam, akuyar za ka saya?"